Tarihin Haɗa Koyar da Kimiyya da Fasaha da Injiniyanci da Lissafi a Makarantun Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan da wuya a yi taron malamai ko bitar manhaja a tashi ba a ambaci kalmar STEM ba. An harhaɗa kalmar ne daga haruffan farko na sunayen fannoni huɗu a Ingilishi, wato kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi, kuma Gidauniyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ce ta yayata ta daga shekarar 2001. Abin da ake nufi da ita shi ne a koyar da fannonin nan a haɗe, ta hanyar ba ɗalibi matsala guda wadda ba za ta warwaru ba sai ya auna, ya lissafa, ya gwada, sannan ya ƙera wani abu da hannunsa.

Da yake sunan baƙo ne, malamai da dama sun ɗauka al'amarin ma sabo ne. Tarihi kuwa ya nuna cewa Nijeriya ta shafe fiye da shekara hamsin tana gwada haɗa waɗannan darussa. Manufar wannan takarda ita ce bin sawun waɗannan gwaje-gwaje, domin mu ga abin da aka haɗa a kowane zango da kuma abin da ya hana haɗin isa cikin aji. Wannan bibiya ta zama wajibi, domin duk sauyin manhajar da aka yi ba tare da shiri ba, yaran da suka ratsa makaranta a wannan tsakani su ne suke biyan bashinsa, kuma shekarunsu ba sa dawowa.

Domin sauƙin bayani, za mu bambanta matakan haɗi guda uku. Na farko shi ne haɗin suna, inda ake tara darussa a ƙarƙashin take ɗaya a jadawali. Na biyu shi ne haɗin ƙunshiya, inda ake tsara abin koyarwa bisa jigogi maimakon bisa fannoni. Na uku shi ne haɗin aiki, inda ɗalibi da kansa yake amfani da fannonin tare a kan aiki ɗaya. Da wannan ma'auni za mu duba kowane zango.

2.0 Kafin Zuwan Makarantar Boko

A ƙasar Hausa, kamar sauran sassan Nijeriya, ilimin sarrafa abubuwa yana hannun masu sana'a ne, kuma ana koyonsa a bakin aiki. Yaron marina yana koyon adadin baba da toka da za a zuba a karofi, da yawan kwanakin da za a jira kafin ruwan ya nuna, yana kuma ganin yadda zane yake fitowa da ɗan kore-kore sannan ya rikiɗe ya zama shuɗi da zarar iska ta buge shi. Yaron magini yana koyon yadda ake jera azara a tayar da bakan gizo ya ɗauki nauyin soro, irin ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A ɓangaren malamai kuma akwai ilimin hisabi da na rabon gado da na taurari. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a kan hanyoyin tsara lambobi a cikin hatimi.

A nan haɗin aiki ya samu, domin awo da sinadari da ƙira duk suna cikin aiki ɗaya. Sai dai wannan hanya tana da iyakarta. Almajirin sana'a yakan san yadda ake yi ba tare da an bayyana masa dalili ba, kuma ilimin yakan tsaya a cikin gida ɗaya ko zuriya ɗaya.

3.0 Zamanin Mulkin Mallaka

Makarantun mishan na farko a kudancin ƙasar sun fi mayar da hankali ga karatu da rubutu da lissafi da addini. Abin da ake kira kimiyya a firamare bai wuce nazarin halittu da kiwon lafiya da aikin lambu ba. A Arewa, makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana koyar da lissafi da labarin ƙasa da tsabta da harshen Hausa, tana kuma da sashen sana'o'i irin su kafinta da ƙira da dukanci. Amma tun daga wannan tushe aka raba hanya: 'ya'yan sarakuna da malamai suna ajin littafi, masu koyon sana'a suna nasu sashe.

Takardar manufar ilimi da gwamnatin Ingila ta fitar a 1925, bayan rahoton hukumar Phelps-Stokes, ta nemi a daidaita ilimi da sana'o'i da al'adun jama'a. Iyaye da yawa, musamman a kudu, sun kalli wannan a matsayin dabarar hana 'ya'yansu ilimin da yake kai mutum ga aikin ofis. Daga nan aka gaji ra'ayin cewa aikin hannu na wanda ya kasa karatu ne, ra'ayin da ya daɗe yana yi wa koyar da fasaha tarnaƙi.

Abu guda da ya cancanci a tuna daga wannan zamani shi ne littafin Ikon Allah na Dokta R. M. East da Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1949. Littafin ya bayyana al'amuran halitta da Hausa tsantsa, ya kuma tabbatar tun a wancan lokaci cewa harshen zai iya ɗaukar bayanin kimiyya. A manyan makarantu kuwa, jarrabawar Kambirij da ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, sun tabbatar da rabon kimiyya gida uku: bayoloji da kemistiri da fiziks.

4.0 Guguwar Sauyi, 1957 zuwa 1970

A 1957 Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam na Sputnik, abin da ya sa Amurka da Ingila suka shiga sake tsara koyar da kimiyya da lissafi a makarantunsu. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wato STAN. Ba a daɗe ba guguwar ta iso Afirka ta hanyar tallafin ƙasashen waje.

A 1962 aka fara taron marubuta a Entebbe ta Yuganda, inda aka samar da abin da aka riƙa kira lissafin zamani. Farfesa Grace Alele-Williams tana cikin waɗanda suka jagoranci gwada shi a makarantun Legas. A 1963 aka buɗe makarantar sakandare ta Aiyetoro a Jihar Yamma da taimakon Jami'ar Harvard da hukumar agaji ta Amurka, inda aka tsara kimiyya ta bai ɗaya ga azuzuwan farko tare da koyon sana'a. A 1965 kuma, a wani taro da aka yi a Kano, aka ƙaddamar da Shirin Kimiyyar Firamare na Afirka. Wannan shiri ya dogara ne ga abin da yaro zai samu a muhallinsa. Ɗaya daga cikin darussansa da suka yi suna an gina shi ne a kan ƙwaron nan da yake haƙa ɗan rami mai siffar mazurari a cikin rairayi domin kama tururuwa. Yara su ne za su lura da shi, su yi tambaya, su auna ramin, su sauya masa ƙasa su ga abin da zai yi. Wannan haɗin aiki ne na gaskiya, kuma kuɗin kayansa bai taka kara ya karya ba.

A matakin duniya, taron da aka yi a Varna ta Bulgeriya a 1968 da goyon bayan UNESCO ya ƙarfafa ra'ayin koyar da kimiyya a dunƙule, kuma Sikotlan ta fitar da tata manhajar a 1969. A watan Satumba na 1969 aka yi Taron Manhaja na Ƙasa a Legas, wanda ya tara malamai da iyaye da 'yan kasuwa da ma'aikata domin tattauna irin ilimin da ya dace da ƙasa mai 'yancin kanta.

5.0 Haɗaɗɗiyar Kimiyya da Gwajin Harshen Gida

A 1970 ƙungiyar STAN ta fitar da jagorar koyar da haɗaɗɗiyar kimiyya a azuzuwan farko na sakandare, daga bisani kamfanin Heinemann ya buga littattafan shirin. Da aka faɗaɗa manhajar zuwa shekara uku, an tsara ta ne bisa jigogi shida: kai a matsayin abu mai rai, kai da gidanku, abubuwa masu rai na muhalli, abubuwa marasa rai na muhalli, tattalin ƙarfi, da sarrafa muhalli. Wannan shi ne haɗin ƙunshiya mafi tsari da aka taɓa yi a ƙasar. Malaman makaranta ne suka rubuta shi, abin da ya sa ya samu karɓuwa.

A wannan zango ne kuma aka yi gwaje-gwaje biyu da suka shafi harshen koyarwa. A Jami'ar Ife, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun fara Shirin Firamare na Shekara Shida a 1970, inda aka koyar da kimiyya da lissafi da Yarabanci daga aji ɗaya zuwa aji shida, aka bar Ingilishi a matsayin darasi. Sakamakon ya nuna cewa yaran ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba, kuma sun fahimci darussansu sosai. A Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, an gudanar da Shirin Inganta Ilimin Firamare a jihohin Arewa shida da tallafin UNICEF da UNESCO. An rubuta kayan koyarwa da Hausa domin azuzuwan farko a wuraren da Hausa ce harshen jama'a, an kuma naɗa masu horarwa da suke zagayawa makaranta-makaranta suna taimaka wa malami a cikin ajinsa.

Dangantakar wannan da batunmu a fili take. Darasin da ake so yaro ya yi tambaya, ya yi gardama, ya bayyana abin da ya gani, ba zai yiwu da harshen da yaron bai iya magana da shi ba. Idan aka tilasta masa, sai ya koma ga hadda, hadda kuwa ita ce babbar abokiyar gabar haɗin aiki.

Sai dai ba duk sauyin wannan zamani ne ya ɗore ba. An faɗaɗa lissafin zamani zuwa makarantun firamare na ƙasa ba tare da an horar da isassun malamai ba, a daidai lokacin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil. A watan Janairu na 1977, a wani taro a Benin, Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke shi. A wannan shekarar ce Jihar Kano ta bi wata hanya dabam, ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya zalla a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Waɗannan makarantu sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, sun kuma nuna abin da ɗakin gwaje-gwaje da ƙwararren malami suke iya yi, ko da yake zaɓaɓɓun yara ne kaɗan suke samun shiga.

6.0 Tsarin 6-3-3-4 da Darasin Share Fagen Fasaha

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka sake dubawa a 1981, ta kawo tsarin 6-3-3-4, aka fara ƙaramar sakandare a 1982. A nan ne karon farko da fasaha ta samu gurbi a jadawalin kowane yaro, a ƙarƙashin darasin Share Fagen Fasaha, wanda ya ƙunshi aikin katako da aikin ƙarfe da lantarki da zanen injiniya. Niyyar ita ce yaron da bai zarce babbar sakandare ba ya fita da abin yi a hannunsa.

Gwamnati ta sayo injuna da kayan aiki daga ƙasashen Gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari da Cekoslobakiya, aka rarraba wa makarantu. A wurare da yawa kayan sun iso babu ɗakin da za a girka su, babu wutar lantarki, babu malamin da ya san kansu. Wasu sun yi tsatsa a cikin akwatunansu, wasu an sace. Da haka darasin da aka tsara domin hannu ya koma darasin allo, malami yana zana zarto da alli, yara suna kwafa a littafi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Haɗaɗɗiyar kimiyya ita ma ta gamu da tata matsalar. Yawancin waɗanda aka ba darasin an horar da su ne a fanni ɗaya. Malamin bayoloji yakan daɗe a kan jigogin halittu ya tsallake na ƙarfi da lantarki, a wasu makarantu ma akan raba littafin tsakanin malamai uku. Kwalejojin ilimi sun fara ba da shaidar NCE a haɗaɗɗiyar kimiyya, amma waɗanda suke fitowa ba su kai yawan azuzuwan ba. Bugu da ƙari, ba a yi wata gada tsakanin kimiyya da fasaha da lissafi ba. Kowanne yana da manhajarsa da malaminsa da jarrabawarsa.

Ta fuskar harshe, Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta jagoranci tattara kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsuna tara: Hausa da Fulfulde da Kanuri da Tibi da Yarabanci da Ibo da Edo da Efik da Ijo. An buga aikin a shekarun 1980, amma bai isa hannun yawancin malaman aji ba. A 1988 aka haɗe wannan cibiya da wasu hukumomi uku aka samar da hukumar NERDC, wadda tsara manhaja ya koma hannunta.

7.0 Daga 1999 zuwa 2025

An ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya na UBE a Sakkwato a watan Satumba na 1999, dokarsa ta fito a 2004. Daga 2006, da haɗin gwiwar hukumar JICA ta Japan, aka fara shirin SMASE na sake horar da malaman lissafi da kimiyya a jihohin Kaduna da Neja da Filato, wanda ya ƙarfafa ƙirƙirar kayan koyarwa daga abin da ke kusa. A 2008 aka fara aiki da manhajar ilimin tushe ta shekara tara, inda haɗaɗɗiyar kimiyya ta koma Kimiyyar Tushe, Share Fagen Fasaha ya koma Fasahar Tushe.

Da aka yi kukan yawan darussa, sai aka sake duba manhajar a 2012, aka fara aiki da ita a 2014. A wannan karon an tara Kimiyyar Tushe da Fasahar Tushe da ilimin kwamfuta da ilimin motsa jiki da kiwon lafiya a ƙarƙashin suna ɗaya. A makarantu da dama abin da ya biyo baya shi ne malamai huɗu suna shiga aji a lokuta dabam-dabam, kowa da littafinsa, a ƙarshen zango a tara maki a rubuta a layi ɗaya. Wannan shi ne haɗin suna a mafi bayyanar siffarsa.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da wata sabuwar manhaja da ta rage yawan darussa, ta kuma sanya koyon sana'a a ƙaramar sakandare, irin su girka farantin hasken rana da gyaran wayar hannu. A watan Nuwamba na shekarar, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da soke manufar harshe ta 2022, wadda ta tanadi koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare.

8.0 Abin da Tarihin Ya Nuna

Idan aka yi la'akari da zangunan nan, za a ga cewa haɗin suna da haɗin ƙunshiya sun samu sau da dama, domin aiki ne na kwamiti da takarda. Haɗin aiki kuwa ya bayyana ne kawai a inda aka bi malami har cikin ajinsa, kamar a shirin Kano na 1965 da na Ife da na Zariya. Waɗannan kuma sun dogara ga tallafin waje, sun yi rauni da tallafin ya ƙare. Dangane da haka muke ba da shawarwari kamar haka:

(a) Horar da malami ya riga manhaja fita. Abin da ya faru da lissafin zamani a 1977 da Share Fagen Fasaha bayan 1982 ya isa hujja. Darussan sana'a na manhajar 2025 suna fuskantar haɗari iri ɗaya idan aka aika kaya ba a tanadi mai koyarwa ba.

(b) A fara da aiki ɗaya a kowane zangon karatu, wanda malaman kimiyya da fasaha da lissafi za su tsara tare. Misali, ɗaliban ƙaramar sakandare za su iya ƙera matacin ruwa da yashi da tsakuwa da gawayi. Za su auna yawan ruwan da yake tacewa a minti ɗaya, su zana sakamakon a jadawali, su sauya kaurin yashin su sake aunawa, sannan su tattauna dalilin da ya sa ruwan da ya yi garau yake iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Makarantar da take kusa da marina ko maƙera tana da ɗakin gwaji a bakin ƙofarta.

(c) A ba irin wannan aiki maki a jarrabawa. Malami yana koyar da abin da za a tambaya ne. Muddin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta tsaya ga abin da ake rubutawa a takarda, aikin hannu zai ci gaba da zama abin da ake yi idan lokaci ya ragu.

(d) A kula da harshen tattaunawa a aji. Ko wane harshe hukuma ta ayyana na koyarwa, yaron Bichi ko na Gumel da Hausa yake tunani a kan abin da ya gani, kuma malamai sun daɗe suna komawa gare ta idan bayani ya cije. Ya kamata a sabunta kalmomin da aka tattara a shekarun 1980, a ƙara na lantarki da na kwamfuta, a buga su a ƙaramin littafi mai harshe biyu da zai shiga aljihun malami, domin kalmar da malamin aji huɗu ya yi amfani da ita ta zama ita ce ta malamin aji biyar.

9.0 Kammalawa

A wannan takarda mun bi tarihin haɗa koyar da kimiyya da fasaha da injiniyanci da lissafi tun daga bakin karofi da makarantar Ɗan Hausa har zuwa manhajar 2025. Mun ga cewa tunanin ya daɗe a ƙasar nan, kuma malaman Nijeriya sun taɓa rubuta manhajar haɗaɗɗiyar kimiyya da hannunsu. Inda aka riƙa samun cikas shi ne tsakanin ofishin tsara manhaja da ƙofar aji. Muna fatan masu tsara manhaja za su nemo rahotannin shirye-shiryen Zariya da Ife da littattafan STAN na farko su nazarce su kafin su zauna rubuta wata sabuwa, kuma masu bincike za su shiga azuzuwa su rubuta abin da yake faruwa a ciki a shekarun farko na aiwatar da manhajar 2025.